Kwana Talatin da Uku

Lauyoyi ne suka laƙaba masa Agogo, kuma ba don ƙauna ba. Shekara ashirin da biyu yana zaune a Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tarayya, ba a taɓa ganin ya shigo zaure ƙarfe tara da minti ɗaya ba. Idan ya ba lauya minti ashirin ya yi bayani, to ko a tsakiyar kalma yake, lokaci na cika zai ajiye biro ya ce, "Mun gode." Shi ke nan, ka kwashe takardunka. Da gabatar da ƙara ya fara aiki, ya yi majistare shekara bakwai, ya yi babbar kotu shekara tara, duk inda ya zauna labari ɗaya ya bari: ba ya karɓar na goro, ba ya tsoron kowa, ba ya kuma jin magiya. Shi kansa yana son sunan, a fuska ne kawai ba ya nunawa.

Abin da ya fi shahara da shi wani hukunci ne da ya rubuta a shekararsa ta biyu a kotun. Doka ta ba wanda aka yanke wa hukunci kwana talatin ya shigar da takardar ɗaukaka ƙara. Wani attajiri da ya daɗe yana raina wa kotu hankali ya kawo tasa a makare, lauyoyinsa suka ce ai daga ranar da kwafin hukunci ya iso hannunsu ake fara ƙirge. Agogo, lokacin jini na tafasa, ya zauna ya zuba shafi goma sha ɗaya: daga ranar da alƙali ya furta hukunci ake ƙirgawa, kuma kotu ba ta da ikon ƙara ko yini ɗaya, ko wane ne, ko da wane uzuri. Kotun Ƙoli ta tabbatar da shi. Tun daga ranar ya zama tilas a kan kowace kotu, har da tasu.

Saura wata biyar ya yi ritaya aka ajiye masa fayil ɗin mai gyaran firji.

Gobara ce ta tashi a wani sito, mai gadi ya mutu a ciki. Mako guda kafin nan an ga mai gyaran firji yana cacar baki da mai siton, kuma mutum ɗaya tak ya yi rantsuwa ya gan shi yana haura katanga ranar gobarar. A kan wannan aka yanke masa ɗaurin rai da rai. Agogo na karantawa yana kaɗa ƙafa, har ya kai shafi na ɗari biyu da shida, sai ƙafar ta tsaya cak. Katin asibiti ne. Ranar gobarar mai gyaran firjin yana kwance a gadon asibiti, babur ya karya masa cinya kwana biyu kafin nan, ƙafa a rataye. Alƙalin farko ya ƙi karɓar katin, wai kwafi ne ba na asali ba, kuma ba wanda ya damu ya kira ma'aikaciyar jinyar. Mai karyayyar cinya, shi ne ya haura katanga! Shekara shida ke nan yana gidan yari, fayil na bin layi.

Sai Agogo ya koma shafin farko ya duba hatimin ranar da aka karɓi takardar ɗaukaka ƙarar. Ya ƙirga da yatsa, ya sake ƙirgawa da kalanda, kamar kalandar za ta ji kunyarsa. Kwana talatin da uku.

Lauyan mutumin wani dattijo ne maƙwabcinsu da ya karɓi aikin kyauta. Duk rayuwarsa shari'ar filaye ya yi, inda daga ranar karɓar kwafi ake ƙirge, kuma ya bar makaranta tun kafin a rubuta wancan hukunci. A lissafinsa ma da saura kwana huɗu ya shigar.

Ranar sauraro, lauyar gwamnati ko kallon katin asibitin ba ta yi ba. Ta miƙe da ladabi, ta buɗe littafi, ta karanto masa kalmominsa ɗaya bayan ɗaya, har tana ɗan rusunawa idan ta zo inda ya fi tsauri. Ita girmamawa take yi. Shi kuwa ji yake kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ba a kawo fursuna kotun ɗaukaka ƙara, takarda ce ke magana, amma a benci na ƙarshe akwai wata tsohuwa da ta kafe shi da ido tun shigowarsa. Magatakarda ya ce masa mahaifiyar mutumin ce, ba zaman da aka taɓa sakawa ba ta zo ba, har waɗanda aka ɗage.

Su uku ne a kan shari'ar. Shi ne babba, yana tsakiya. A damansa akwai wadda ake kira Mai Jan Biro, saboda ba takardar da ke fita daga ofishinta ba gyara. A hagu kuma Auta, sabon zuwa, wanda shekarun baya mataimakin Agogo ne, shi ke tono masa tsofaffin hukunce-hukunce. Suka shiga ɗakin shawara, aka rufe ƙofa.

"Mutumin nan bai yi ba," in ji Agogo, ko zama bai gama ba.

"Bai yi ba, ranka ya daɗe," Mai Jan Biro ta ce. "Na karanta katin sau uku."

"To mu saurari ƙarar."

"Da wane iko?"

"Wancan attajiri ne mai wasa da kotu. Wannan talaka ne, lauyansa ya yi kuskure. Ba ɗaya ba ne."

Ta juya biron a hannu, ba ta dube shi ba. "Ka rubuta 'ko wane ne, ko da wane uzuri.' Shafi na tara."

"Na san shafin."

Ya waiwayi Auta. Wallahi ya sa rai a wajensa, yaron da ya riƙe wa hannu ya koya wa rubuta hukunci. Auta ya sunkuyar da kai.

"Malam, kai ka ce mana ranar da alƙali ya fara zaɓen wanda doka za ta hau kansa, ranar ya daina zama alƙali. Idan muka sake shi, gwamnati za ta tafi Kotun Ƙoli, cikin wata uku su rushe, a je har gida a sake kamo shi. Kuma na duba rajista, ƙara ɗari huɗu da goma sha bakwai aka kora da wannan hukunci. Me za mu ce wa waɗancan?"

Agogo bai taɓa sanin adadin ba. Bai ma taɓa tunanin tambaya ba. Ya fara tunanin katunan asibiti nawa ne ke kwance a cikin waɗancan fayiloli, ba wanda ya kai shafinsu. Ya yi lallashi, shi da bai iya lallashi ba. Ya kawo hujja ta farko, Auta ya nuna masa inda shi da kansa ya toshe ta. Ya kawo ta biyu, ita ma ya toshe ta tun shekara ashirin da suka wuce. Aiki mai kyau ya yi a lokacin, ko kafar allura bai bari ba. Aka kaɗa ƙuri'a, biyu da ɗaya.

Ranar Asabar da hantsi matarsa ta same shi a tebur, shayi ya huce a gabansa. Shekara arba'in da ɗaya da aure bai taɓa kawo mata zancen shari'a ba, ranar dai ya kasa riƙewa.

"To ka ce ka yi kuskure mana, Malam," ta ce. "Ba kai ka rubuta ba? Ka goge."

"Na faɗa. Ba nawa ba ne yanzu."

"Na wa ne?"

"Na doka."

Ta tsaya riƙe da kofin, tana dubansa da tausayi da ɗan haushi. "Wane irin aiki ne wannan, mutum ya yi magana da bakinsa ta dawo ta fi ƙarfinsa? To ku roƙi waɗancan na sama."

"Alƙali ba ya ɗaukaka ƙara. Sai shi mutumin ya kai, in sun ga dama su saurara. A ɗari, biyu suke ɗauka."

Ta ɗauke shayin ta je ta ɗumama masa.

Abin da ya rage masa shi ne ya rubuta ra'ayin marar rinjaye, takardar da ba ta buɗe ƙofar kowa, sai dai a ajiye ko wata rana wani zai karanta. Kwana goma sha biyu ya yi a kanta. Ya cire duk kalmomin lauyoyi, ya rubuta ta yadda ko mai shara zai fahimta, don yana so kowa ya ji abin da aka yi wa mutumin nan, ya kuma ji cewa hannunsa ne ya fara ɗaure shi.

Tsarin kotun shi ne masu rinjaye su fara karantawa, marar rinjaye ya zo ƙarshe. Mai Jan Biro ta karanta nata cikin minti shida, duk sashe kaza, ƙaramin sashe kaza, rashin hurumi, an kori ƙara. Auta ya ce ya amince. Sannan Agogo ya gyara tabarau. Ya faɗi tun farko cewa wannan ra'ayin marar rinjaye ne, sai dai lauyoyi kaɗai suka san ma'anar hakan. Ya yi bayanin cinyar, da katin, da shekara shidan. Ya ce shi ya rubuta dokar ƙirgen nan cikin fushi da mutum ɗaya, kuma ya yi kuskure. Ya rufe da cewa, a ganinsa, a soke hukuncin, a saki wannan bawan Allah yau.

Kafin ya ajiye takardar, tsohuwar ta taso. Ita abin da ta gani a fili yake: biyu sun yi yarensu, sannan babban, na tsakiya, mai furfura, ya yi magana ta ƙarshe ya ce a saki ɗanta. Ta durƙusa a tsakiyar zaure, hawaye na zuba.

"Allah ya yi maka albarka, ranka ya daɗe. Allah ya jiƙan mahaifanka. Ta wace ƙofa za a fito da shi?"

Alƙali ba ya magana da masu ƙara bayan hukunci, ko kalma ɗaya. Agogo ya dubi dattijon lauyan, ya ga ya kifa kai a kan tebur. Ɗan sandan kotu ya buga ƙafa, kowa ya miƙe, aka wuce da alƙalai ta ƙofar baya.

Daga tagar ofishinsa ya hango ta zaune a kan dakalin bakin get. Dattijon lauya ya tsuguna a gabanta yana ta bayani da hannu biyu. Ta girgiza kai, ta nuna ginin kotun, ta taɓa kunnenta. Lauyan ya sake farawa, ta kawar da fuska. Can ya miƙe ya tafi yana share ido da hannun riga, ita kuma ta gyara zama, tana duban duk motar da ta shigo.

Ƙarfe huɗu motarsa ta gangaro get. Tana nan. Da ta gane shi a kujerar baya ta yunƙura ta miƙe, ta ɗaga hannu biyu sama, fuskarta fal da murna, tana ta zuba masa addu'a. Direba ya rage gudu.

"In tsaya, ranka ya daɗe?"

Agogo ya ɗora hannu a kan marikin ƙofa. Ya sauke hannun.

"Mu je," ya ce.

Suka fita titi, ita kuwa ta koma ta zauna tana jiran ɗanta.