Darar Kawu Mailafiya a Cikin Gilashi

Ƙarti huɗu ne suka ɗauko sho-gilas ɗin, wato kabad ɗin nan na gilashi, tun daga bakin titi, don lungunmu na Koki mota ba ta shiga. Sai da aka cire ƙyauren zaure kafin ya wuce. Ni kuwa ina leƙe ta bayan labule, 'Yardada a goye, bakina ya ƙi rufuwa. Wata biyu kacal da soja suka koma bariki aka rantsar da maigidana kansila, ga shi har mun yi abin da babu a unguwar kaf. Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki!

Shi maigidan, wato Jibrin, Allah ya yafe mini kama suna, tun yana saurayi yake tara kayan wasa irin na allo. Da a ƙarƙashin gado suke cikin kwali: ludo uku, diraf, da maciji da tsani. To da ya je Legas sai ga shi da sababbi fil. Akwai darar Turawa mai sarki da dawaki na farin dutse, akwai wanda ake sayen gidaje da kuɗin wasa, akwai ludo mai murfin gilashi. Ya jera su a sho-gilas ɗin da hannunsa, ya ce mini, "Ladi, na kallo ne. Ko ƙura ban yarda ki share ba."

Hawan sama ne kawai ya bari babu komai. Wai na gargajiya ne zai zauna a nan, kuma ya san wanda yake so: allon darar Kawu Mailafiya, yayan mahaifiyarsa.

Kawu shekara bakwai ke nan ba ya gani, amma kullum bayan la'asar yana ƙofar gidansa da allon nan na icen maɗaci, wanda babansa ya sassaƙa. Shi tsakuwa, abokin wasa ƙwallon dabino, da yatsa yake bambance su. Kuma har yau babu mai cinsa. Sau uku maigidan yana taya allon. A na ukun Kawu ya ce, "Ɗan nan, idon da ya rage mini kake so in sayar maka?"

Sai aka bi ta hannun Musa, babban ɗan Kawu, da ma yana neman a sa shi a aiki. Suka daidaita. Musa ya ce wa tsohon allon ya tsage, ya kai kasuwar Kurmi gyara. Can kafinta ya shafe shi da banish har kana ganin fuskarka, ya kuma manne 'ya'yan duka da gam a guraben da maigidan ya jera su, don in an jingina shi kada su zube. Wallahi ya yi kyau!

Ranar Asabar maigidan ya kira abokansa su zo kallo. Na soya cincin, aka kawo lemon kwalba. Ana cikin santi sai muka ji sallama. Kawu ne, shi kaɗai, yana dafa bango. Ashe wani ya fesa masa.

"Jibrin, an ce allona yana wajenka."

Musa yana zaune a gefe. Ya kafa kai a kwalbar lemo.

Maigidan ya ƙifta wa abokansa ido. "Yana nan, Kawu, an gyara shi tsaf. Zauna mu buga ɗaya. In ka ci ni, ka tafi da abinka."

Ku ga yadda fuskar tsohon nan ta washe! Ya tuɓe takalmi, ya tanƙwashe ƙafa, ya naɗe hannun riga. "Yaro bai san wuta ba sai ya taka," in ji shi. Aka sauko da allon aka ajiye a gabansa. Ya sunkuya ya shinshina.

"Wane irin wari ne wannan?"

"Warin zamani ne, Baba," in ji wani mai jar hula. "Farar hula ta zo!"

Kawu ya shafa, ya ji 'ya'ya a jere. "Har kun zuba? To ba komai, na ba ka wannan." Ya kama tsakuwa ɗaya zai gusar. Ta ƙi. Ya sake ja. Ya koma kan ta kusa da ita, ya sa farce.

Falon nan ya kece da dariya. Mai jar hula yana dukan cinya yana cewa, "A kawo wa Baba kunu, ƙarfi ya ƙare!" Wani ya ce, "Kansila, ka ɗaure masa 'ya'ya ko? Wannan ai maguɗi ne tun ba a je ko'ina ba!" Kuma ku ji ikon Allah, a daidai nan 'Yardada ta ƙyalƙyale da dariya a bayana. Dariyarta ta farko mai sauti! Wata huɗu ina yi mata wasa ba ta taɓa yi ba. Saura kaɗan in yi guɗa.

Kawu dai ya sake sunkuyawa kan allon. Ya bi gurabe talatin ɗin nan da yatsa, ɗaya bayan ɗaya, a hankali, kamar mai duba jikin mara lafiya. Dariya ta lafa.

"Wa ya jera su?"

"Ni ne," in ji maigidan.

"Huɗu ka sa a layi ɗaya. Tun kana yawo ba wando na gaya maka, uku ne ci, huɗu ɓarna ce." Ya miƙa hannu. "A ba ni wuƙa in ɗaga guda ɗaya kawai in gyara maka. Kada masu ido su gani su yi maka dariya."

Na ga jijiyar wuyan maigidan ta tashi.

"Ai ba ka ci ba, Kawu," ya ce. Ya zare allon daga ƙarƙashin hannunsa, ya ɗora a hawan sama, ya murza mukulli.

Tsohon ya lalubi takalmansa, ya sa su a karkace, ya fita. Ni dai ban yi rowa ba, na ƙulla masa cincin a leda na sa Musa ya bi shi da shi.

Jiya da zan je awon 'Yardada na wuce shi a ƙofar gidansa. Ya tona 'yan ramuka a ƙasa da yatsa, ya zuba tsakuwa, yana jiran abokin wasa. Kun ga ashe ba a rasa mafita. Na gaishe shi, ya amsa, har ya tambayi yarinya.

Af, ga wani albishir kuma! Ranar Litinin za a fara zuba wa lungunmu siminti, aikin maigidan na farko a ofis. Ya ce daga ƙofar gidan Kawu za a soma, don kada a ce ya samu wuri ya manta da dangi.