Wace Iska?

Shekara shida ke nan Tasalla ba ta san zama ba. Yau tana Gangara, garin iyayenta, gobe tana Sabon Birni, jibi ka gan ta a hanyar Isa da takalmi a hannu, tana tare matafiya da tambayar ko sun ji labarin zuwan Di'o, Baturen mulki. Ko ruwa ta ɗebo a moɗa sai rabi ya zube kafin ya kai baki, don hannuwanta ba su daina rawa ba tun ranar da abin ya faru.

Mijinta Sodangi shi ne mai gadin siton wani kamfanin Turawa da ke sayen gyada a Isa. Da ƙwari suka addabi buhuna, sai aka kawo wani dogon tulun ƙarfe na maganin ƙwari, aka lulluɓe gyadar da tamfol, aka murɗe bakin tulun, aka kulle ƙofa. Duk wayon masu wannan aiki, ba wanda ya tuna da ramukan ɓera a gindin bango, inda maganin zai sulale. Bayan bangon nan kuwa akwai ɗakin da Sodangi da 'yan dako biyu ke fakewa in rana ta take. Tasalla ta kai masa tuwo da azahar, ta dawo ɗaukar akushi da la'asar, ta tarar da su ukun a kwance suna shure-shure. Ba hayaƙi, ba wari. Sau uku ta shiga ɗakin tana jawo su waje. Ba wanda ya kai sati.

Da aka zauna shari'a a Isa, tafinta Halliru ya dube ta a ɗage.

"Bature ya ce, mi yak kashe mijinki?"

"Iska ta, ranka shi daɗe."

Gaskiya ta faɗa, baiwar Allah, abin da ke cikin tulun take nufi. Amma a ƙasar Gobir in mace mai rawar jiki ta ce iska, ai ba ta damina ke zuwa ran mutane ba. Halliru ya juya maganar ta koma aljannu, Bature ya murmusa ya rubuta a littafi, kamfani ya karkaɗe riga ya tafi.

Ita aka bari da kaya. Aka ce iskokinta ne suka ci maza uku, ga shaida nan a hannuwanta. Mata suka daina sayen daddawarta. In ta shiga gidan suna, sai ka ga kowa ta tuna ta bar tukunya a wuta. Wannan ya fi rashin miji ci mata rai. Ba abin da take nema illa a gyara layin nan guda a littafi, a karanta wa mutane, su san ba ita ba ce.

Duk tafiyar da take yi, kalma take nema. Ta ce hayaƙi? Ba wanda ya ga hayaƙi, za a ce ta yi ƙarya. Ta ce guba? Nan take za a tambayi wanda ya kai tuwo. Sai ta sake dawowa kan kalmar da ta jefa ta a rami, don ita kaɗai ce ta gaskiya.

Ran da sabon Di'o ya sauka Sabon Birni, tun hantsi tana tsaye, zaman ma ya gagare ta. Da aka kira ta, ta faɗi abin da ta faɗa a baya. Sabon tafinta, Maliki, bai juya ga Bature ba. Ya sunkuyo.

"Inna, wace iska? Ta daji ko ta tulu?"

Shekara shida ba wanda ya taɓa tambayar ta haka. Kuka ya ƙwace mata.

"Ta tulu, ɗana. Ta tulun ƙarhe."

Maliki ya faɗa wa Bature wata 'yar gajeruwar kalma ta Turanci. Fuskar Bature ta sauya, ya sa aka buɗe tsohon littafi, ya yi tambayoyi har rana ta karkata. Da idonta ta ga ya soke layin ya rubuta wani. Daɗi ya kama ta har ta rasa inda za ta sa kanta.

Saura a gaya wa jama'a da Hausa. Maliki ya miƙe, ya dubi takardar, ya ɗan yi jim kamar mai laluben abu a aljihu. Shi ma bai samo wata kalmar Hausa ba.

"Hukuma ta tabbatar, iska ta tak kashe su, iskat..."

Hayaniya ta haɗiye sauran.

"Ai mun hwaɗi! Ga shi Bature ma ya yarda!"

Matar da ke kusa da Tasalla ta tattare zanenta ta matsa. Tasalla ta bi littafin da kallo har aka ɗaure shi a jaka. Sannan ta cire takalmanta, ta riƙe a hannu, ta tare masinjan Di'o a bakin ƙofa.

"Malam, don Allah, yaushe wani Di'o za shi zo?"