Saura Shekara Ɗaya

Da shekara huɗu ta cika, dangin Bosibori suka ciko mota daga Kisii zuwa Nairobi, da ayaba da furannin ratayawa, don bikin kammala karatunta. Suka tarar da ita za ta aji. Ashe karatun nata na laifuka da shari'a digiri biyu ne a haɗe, sai baɗi za a yi biki.

"To, akuyar da na yanka fa?" in ji uwarta.

Kawu Ombati, wanda ya shekara uku a tsare ba a kai shi gaban alƙali ba, ya rataya mata furannin.

"Shekara ɗaya kacal? Na jira alƙalin da bai san da zamana ba, balle ke, 'yata."