Ɓawon Dankalina

Shekara goma sha tara na yi ina koyar da Turanci kafin makarantarmu ta rufe. Darasin da na fi ji da shi shi ne na kalmomin aikin wuƙa: peel cire ɓawo ne, pare ferewa ce siririya, trim kuwa datse gefe don abu ya daidaita. Da su nake firgita ɗalibai duk zango.

Bayan wata biyar ina gadin gida, ƙanen matata ya samo mini gwaji a kicin ɗin wani otal. Gurbi ɗaya ne tak. Zan fita matata ta ce, "Baban yara, don Allah in ka je ka riƙe bakinka."

Shugabar kicin, wata gajeriyar mata da suke kira Uwar Tukwane, ta turo mini bokitin dankali da ƙafa, ta miƙo wuƙa.

"Malam, fere."

Na gyara murya. "Ranki ya daɗe, wace irin ferewa? Ai a Turance kashi uku ce." Na zayyana mata su, har da misalai.

"Ikon Allah," in ji ta. "To yi mana wadda ta fi tsada."

Ni kuwa duk rayuwata fensir kaɗai na taɓa ferewa. Haka na bi dankalin, ina juyawa ina sassaƙa. Cikin minti arba'in na cika kwano, fari tas, kowanne da kusurwoyinsa kamar sabulun otal.

Ko kallon kwanon ba ta yi ba. Ashe a kicin ba dankali ake dubawa ba, ɓawo ake dubawa. Ta tsoma hannu a bokitin, ta zaro ɓawona mai kaurin tafin takalmi. Sai ta ɗaga wani ɓawon da ita ta fere kusa da shi, haske na ratsa shi.

"Wannan naka fa, Malam, me sunansa da Turanci?"

Babu shi a darasina.

"Mu a nan sunansa rabin buhu." Ta juye ɓawon a leda ta danƙa mini. "Kai wa madam. Akwai abincin mutum huɗu a jiki."

Ban samu aikin ba. A gida matata ta buɗe ledar, ta dube ni, ta sake duban ledar, ta ɗauko wuƙa ta hau fere ɓawon.

Uwar Tukwane ma ta yi kuskure. Mu biyar muka ci, har aka rage.