Dutsen Torquil

Ishbel tana tsince guntun sigari a gindin dogayen duwatsun tarihi goma sha uku da ke tsaye a da'ira a tsibirinsu sai ta hango mahaifiyarta, Peigi, ta tsallake igiyar da aka kewaye wata tsohuwar kushewa da ita, da wani abu a cikin jakar cefane.

"Inna, nan ba a shiga."

"Ai na shiga."

Kushewar tulin duwatsu ce a tsakiyar da'irar, ta shekara dubu huɗu. Dokar hukumar kayan tarihi gajera ce: ba a ɗauka, ba a ƙarawa. Tsare wannan doka shi ne aikin Ishbel, kuma yau ne mai duba aiki zai sauko daga jirgin ruwan da ke zuwa daga garin Ullapool.

Peigi ta ciro dutse kamar curin burodi, ta ɗora a kan tulin, ta gyara masa zama.

"Na babanki ne."

A tsibirin, idan mutum ya kyauta maka, kakan ce masa za ka ɗora dutse a kan tulin kabarinsa. Peigi ta faɗa wa mijinta, Torquil, haka ran da ya gyara mata murhu. Bara teku ta tafi da shi, ba ta dawo da ko takalminsa ba. Ba kabari, balle tuli.

"Inna, wannan na wasu ne."

"Sun yi ƙorafi?"

"Za a kore ni."

"To cire shi. Ke ce hukuma."

Peigi ta je ta zauna a kan wani benci, ta buɗe gorar shayinta, ta zuba wa tumaki ido. Yayyafi ya soma.

Ishbel ta daɗe a tsaye. Sannan ta tsallake igiyar, ta ɗaga dutsen. Ya fi yadda ta zata nauyi. Ta gane shi: wanda babanta ke tokare ƙofar rumfar komarsa da shi ne.

"Ke! Malama!"

Wani dogo ne da lema da allon rubutu, yana tahowa yana kauce wa kashin tumaki. Mai duba aikin.

"Me kike yi da wannan?"

"Yallaɓai, cirewa zan..."

"Na ga cirewa za ki yi. Mayar da shi inda kika same shi. Daidai inda kika same shi."

Ishbel ta dubi mahaifiyarta. Peigi tana hura shayi.

Ta mayar da dutsen. Mutumin ya sunkuya, ya ɗauke shi hoto ta fuska uku, ya rubuta wani abu.

"Gargaɗi na farko ne," ya ce. "Dutsen nan ya riga kakan kakanki zuwa duniya. Idan na dawo ban same shi ba, ke za a tambaya."

"To, yallaɓai."

"Sa hannu a nan."

Ta sa hannu. Peigi ta rufe gorarta, ta miƙe.

"Ka yi haƙuri, ɗan nan," ta ce. "Yaran yanzu ba su san darajar komai ba."