Taken Mu'azu a Cikin Waya

Abin da ke ƙona wa Abdulfatah rai shi ne wasan kiɗan da matasan Gumel suke yi a waya. Ɗigo-ɗigo masu launi suna gangarowa, kai kuma kana bugawa daidai lokacin da suka iso layi, in ka dace ka samu maki. Akwai jita a ciki, akwai fiyano, akwai gangunan Turawa, kwanan nan har sarewa aka ƙara. Kalangu kuwa babu. In ya yi magana sai a ce masa, "To mu ina ruwanmu?" Da wannan amsar aka bar abubuwa da yawa suka lalace a garin.

Da ya gama karatun kwamfuta sai ya haɗa nasa wasan. Ya sayi kalangu na gaske, ya manna masa 'yan na'urori, ya jona da waya. In ka buga, wayar ta ji. In ka matse igiyoyin a hammata murya ta tashi, wannan ma ta ji. Saura kiɗan da zai zuba a ciki. Shi take yake so, irin wanda ake yi wa kowane mahauci da kowane ɗan dambe nasa na kansa. Duk kuwa suna cikin kan mutum ɗaya: Baffa Ɗalha, makaɗin mahautan Maigatari, wanda 'ya'yansa uku duk acaba suke yi.

Ranar Alhamis ya same shi a rumfar mahauta. Tsohon ya yarda ya buga wani ɗan kiɗa, wayar ta ɗauka.

"Yauwa, Baffa. Yanzu ka bi ɗigon nan, ka buga kamar ɗazu."

"Kamar ɗazu? Ai ɗazu Kamilu na saran ƙashi, shi nake bi. Yanzu ya zauna."

Duk da haka ya gwada. Wayar ta ba shi talatin da ɗaya cikin ɗari, Abdulfatah kuwa ya karanta da ƙarfi, don shi ba ya ɓoye gaskiya.

Kamilu mahauci ya riƙe ciki. "Shekara hamsin kana cin namanmu, ashe ba ka iya ba! Dawo mana da tsokarmu, Ɗalha!"

Baffa Ɗalha ya ajiye kalangun a hankali. "Ɗan nan, kwashe kayanka. Ko take ɗaya ba za ka samu ba."

"Haba Baffa! Wa ka koya wa? In ka mutu fa?"

"Sai a binne ni."

Bayan kwana uku sai ga tsohon ya kira Abdulfatah da kansa, murya kamar zuma. Ya ce ya yi tunani, zai ba shi guda ɗaya. Da aka tambaye shi na wane ne, ya ce, "Na wani ne. Kai dai ka haddace, ka zo da lasifika ranar kasuwa, mutane su ga iyawarka."

Na Mu'azu ne. Kowa a Maigatari da ya haura arba'in ya san Mu'azu ya yi zamaninsa a dambe, ya kuma san shekara ashirin ke nan da ya ajiye, ya je Makka, ya kama sayar da hatsi, ya roƙi makaɗa kada wanda ya sake taɓa takensa. Ɗan dambe in ya ji takensa ba ya mallakar jikinsa. Abdulfatah shekararsa ashirin da huɗu, kuma bai tambayi kowa ba.

Alhamis da hantsi ya kafa lasifika a gaban rumfar, ya rataya kalangu, ya fara da jawabi a kan al'ummar da ke barci al'adunta suna mutuwa. Sannan ya kunna. Ya kuwa yi ƙoƙari, ɗigo ko ɗaya bai wuce shi ba. Sai dai ya lura dattawan wurin sun daina dariya, Kamilu yana tattara wuƙaƙensa yana turawa ƙarƙashin teburi.

A layin 'yan hatsi, Alhaji Mu'azu yana auna wa wata mata gero sai kwanon ya suɓuce masa. Kafaɗunsa suka fara rawa. Ya ce a'uzu billahi sau biyu, bai yi amfani ba. Ya cire babbar riga, ya warware rawaninsa ya naɗe hannun dama da shi, ya taho yana tsuma, tumbi a gaba, jama'a na darewa.

"Wa ya kira ni?" Ya daki ƙasa da ƙafa. "Ni na Maigatari, dutse ba ka jin lallashi! Wa ya kira ni?"

Kasuwa gaba ɗaya ta nuna Abdulfatah.

Ya saki kalangun, amma wasan bai san an daina ba, ya ci gaba da zuba taken ta lasifika da sauri iri ɗaya. Ya laluba wayar, ya ƙara murya maimakon ya kashe. Mu'azu ya miƙo hagu, ya ja dama baya, ya fara zagaya shi.

"Alhaji, wallahi wasa ne! Na ilimi ne!"

"Ja daga, yaro!"

"Baffa! Baffa Ɗalha!"

Baffa Ɗalha yana zaune a kan benci yana cin balangu. "Ka tambayi wayar mana. Ai ta fi ni iyawa."

Sai da Abdulfatah ya zagaya teburin Kamilu sau uku, takalmi ɗaya ya fita, sannan tsohon ya goge hannu a riga. Ya fizge igiyar lasifikar, ya ɗauki kalangun, ya kama taken daga inda ya tsaya. Idonsa na kan ƙafafun Mu'azu. In ƙafa ta yi sauri ya bi ta, sannan ya ja ta baya kaɗan, ya sassauta hammata, murya ta yi ƙasa. A hankali kafaɗun suka lafa. Mu'azu ya zube a kan benci yana haki, gumi har cikin gemu.

Aka kawo masa ruwa. Ya sha, ya dubi rawanin da ke hannunsa, ya dubi Ɗalha.

"Kai ka ba shi, la'ananne."

"Ni na ga ka yi ƙiba ne."

Mu'azu ya fashe da dariya har yana tari. Ya yafito Abdulfatah, wanda ya matso amma bai yarda ya zo kusa sosai ba.

"Takena kaɗai ke cikin abin nan?"

"Naka kaɗai, Alhaji. Yanzu zan goge."

"Ka goge in ɓalla ka. Ina na Hussaini na Gagarawa? Yana can yana limanci, yana cewa shi bai taɓa dambe ba. Ni kaɗai zan ji kunya a kasuwa?" Ya juya ga Ɗalha. "Ba shi na Hussaini. Ba shi na kowa da kowa."

Baffa Ɗalha ya gyara ratayar kalangun, ya ja igiya ɗaya ya saurara.

"Su arba'in da wani abu ne," ya ce. "Nemo takalminka ka zo ka zauna. Kuma in wayar nan ta sake ba ni maki, a tukunyar Kamilu za ta kwana."