Kwanon Zulai

"Ba zan ba ka ba, Kawu," na ce, na mayar da kwalbar maganin cikin jakata.

Kawu Mamman, yayan Innarmu, ya bar hannunsa a miƙe. "Mufida, ni kike hanawa? Ƙwayar nan ce ke sa 'yar'uwarki barci kamar an doke ta. Hayaƙi za a yi mata a garin Malisa."

"An yi mata hayaƙin bara, Kawu. Dubi hannunta."

Bai duba ba. Babu mai dubawa a gidanmu na Gwandu.

Yayata Zulai tana da farfaɗiya. A makarantar koyon aikin jinya na gane abin da ke damunta. Ƙwayoyin ƙwaƙwalwa suna aika wa juna saƙo ba hutawa, akwai kuma wani sinadari da aikinsa shi ne ya ce musu su dakata, kamar birkin mota. Nata birkin ba ya kamawa sosai, shi ya sa saƙonnin ke ɓarkewa gaba ɗaya ta faɗi. Maganin birkin yake ƙara wa ƙarfi, barcin ma daga nan yake. In aka yanke shi farat ɗaya, faɗuwar da za ta biyo baya ta fi ta da muni.

Na yi musu wannan bayani har bakina ya gaji. Bara da na tafi aikin kwana uku a Kalgo, suka zuba maganin a masai suka turara ta. Rana ta biyu ta faɗi a bakin murhu, hannunta cikin garwashi. Mata shida suna tsakar gida, suka ja da baya suna toshe hanci da mayafi, wai wanda yawunta ya taɓa ya ɗauki ciwon. Sai da ƙaurin nama ya tashi wata ta jawo ta da muciya. Da muciya, kamar mushe.



"To ki riƙe ƙwayarki, likita," in ji Kawu. "Amma kwanonta daban, kofinta daban."

An ajiye wa Zulai tuwonta can bakin rariya, a tsohon kwanon da aka ɗaura wa tsumma don kada ya ɓace cikin sauran. Na je na tsuguna, na kwance tsumman, na sa hannu muka ci tare. Matar Kawu ta tofar da yawu ta shige ɗaki.

Wata goma sha ɗaya ke nan Zulai ba ta faɗi ba, ni nake ba ta maganin da hannuna. Na ƙi aikin da aka ba ni a Kalgo don ba zan sake barinta da su ba. A gidan nan babu mai cin abin da na dafa. Ranar sunan ɗiyar aminiyata Hafiza na miƙa hannu zan karɓi jaririyar, ta yi murmushi ta juya ta miƙa wa wata.